Wanda Ya Durƙusa a Gaban Motar Sarki

Ranar Asabar da safe aka tsinci gawar Honarabul Salmanu Jibo a siton Alhaji Ɗalhatu da ke unguwar Ras Al Khor a Dubai, rub da ciki a gefen wata farar mota wadda ko ledar kujerunta ba a cire ba. An buge shi a ƙeya da ƙarfen jak. Wani Ba'indiye mai tuƙa injin ɗaga kaya ne ya buɗe ƙofa ya gan shi, ya kurma ihun da aka ji har layin masu sayar da tayoyi.

Ina siton da ke maƙwabtaka, ina neman wasu injinan ɗinki da suka ɓace wa wata Hajiya tsakanin nan da tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Sana'ata ke nan. Ubana maharbi ne, shi ake kira idan ɓarayi sun kore shanu. Ni na yi boko, na yi aikin kwastan, na karanta littattafan da ba su tsinana mini komai ba, sannan na ƙare da abin da tsohon ya koya mini kyauta, wato kallon ƙasa. Sunana Labaran.

Na riga kowa isa, na tsaya a bakin ƙofa na tare ta.

"Duk wanda ya shiga," na ce, "sawunsa 'yan sanda za su fara samu."

Ba wanda ya ƙara taku. A Dubai ba abin da ke tsayar da mutum cak kamar ya tuna da bizarsa.

Rairayin wannan unguwa laushi gare shi kamar garin tuwo, kuma yana shiga ta ƙarƙashin kowace ƙofa. Na bi jikin bango ina ɗaukar hoto da waya. Takalma sun shigo sun fita, na masu kuɗi da na talakawa. Bayan tarin tayoyi, kusa da ƙaramar ƙofar baya, wani mai takalmin aiki ya daɗe a tsaye yana sauya ƙafa. Rabin leburorin Dubai irin takalmin nan suke sawa, don haka bai gaya mini komai ba tukuna.

Abin da ya riƙe ni yana tsakiyar sito, gaban wata baƙar mota ƙatuwa mai tambarin masarautarmu. Wani ya tsaya nesa da ita, ya tuɓe takalmansa ya jera su, ya taka da ƙafa ba takalmi har ƙofar baya ta motar, ya zube. Ga shatin gwiwoyinsa biyu, ga inda yatsunsa suka tokare ƙasa. A ƙafar hagu babu ƙaramin yatsa.

Sai 'yan sanda suka zo suka kore mu.

*

Ba zan faɗi sunan jiharmu ba. Duk wanda ya karanta wannan zai rantse tasu ce.

Honarabul Salmanu shi ne shugaban kwamitin da ke duba yadda ake kashe kuɗin jama'a a majalisar dokokinta. Ya shafe shekaru yana neman a tilasta wa masarauta ta yi bayanin kason da take karɓa daga ƙananan hukumomi kafin a sake ba ta wani. Baki gare shi. Akwai ranar da ya miƙe a zauren majalisa ya ce a mazaɓarsa mata suna haihuwa a kan amalanke, fada kuma tana sauya mota kamar hula. Aka yi masa ihu, aka kashe masa makirufo, ya ci gaba da magana ba shi. Wata rana wani ɗan majalisa ya ce masa ya ji tsoron Allah ya je fada ya nemi gafara, shi kuwa ya ce, "Ga Allah kaɗai gwiwata take taɓa ƙasa." Wannan faifan ba wayar Bahaushen da bai shiga ba a shekarar 2018. Ni ma na tura wa mutane, na kuma ji daɗin turawa.

A mako mai zuwa ne za a yi muhawara ta ƙarshe a kan ƙudurinsa. Kowa ya san abin da ya kawo shi Dubai: ya zo ya ga motocin da fada ta saya da idonsa, ya koma ya faɗa a zaure.

Kafin la'asar an kama Ado, direban fada da aka turo ya kula da motocin har a sa su a kwantena. Makullin sito yana hannunsa, zanen yatsunsa yana jikin ƙarfen jak, kuma da aka tambaye shi inda yake ranar Juma'a ya ƙi buɗe baki. A ƙasar nan hukuncin kisan kai ba abin wasa ba ne.

A unguwar Deira, a ɗan shagon da ƙanwarsa A'i take sayar da tuwo, an gama shari'a tun kafin miya ta huce.

"'Yan fada ne mana. Wa kuma?"

"Bawan sarki ko wuta aka ce ya shiga zai tambaya ta wace ƙofa."

"Halas, habibi, magana ta ƙare, wannan ya tafi."

Suna faɗa suna miƙa mata kwano ta ƙara musu. Da suka watse ta zo ta tsaya a kaina, ludayi a hannu.

"Baba Labaran, an ce kai ka fara shiga."

"An ce."

"Yaya Ado ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemo maƙwabci. Ka fito mini da shi."

"Yatsun ƙafarsa cikakku ne?"

Ta dube ni kamar na sha wani abu. "Ina maka maganar rai kana maganar yatsu? Cikakku ne. Manya-manya kamar rogo."

To, ba Ado ne ya durƙusa ba. Na ce mata zan duba.

*

An bar ni na ga Ado ta bayan gilashi. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara masa, ya zauna hannuwa a cinya kamar mai jiran a kira shi ya kawo mota.

"Malam Ado, wa ka kai sito ranar Juma'a?"

"Allah ya sani."

"Shi ya sani. Alƙali ne bai sani ba."

Na matso kusa da gilashin.

"Wani ya zauna a bayan baƙar motar nan, wani kuma ya zo ya faɗi gaisuwa. Kana wurin?"

Idonsa ya ɗan motsa, ya koma inda yake. "Malam, kakana a gidan nan ya mutu, ubana ma. Ban taɓa ganin abin da ba a ce in gani ba."

"Za su iya kashe ka."

"An ce za a kula da yara."

"Wa ya ce?"

Ya ajiye wayar da muke magana da ita, a hankali, don kada ta yi ƙara.

*

Tunanina a lokacin shi ne kowa zai yi: mai durƙuson nan ɗan fada ne, ya zo karɓar umarni daga wani babba, ya tashi ya aikata. Sai na koma masallacin da Hausawa suka fi zuwa a Deira, na zauna a wurin alwala ina kallon ƙafafu. Na ga kaushi, na ga faso, na ga farcen da ya kamata a kai wa makeri. Wani ɗan Agadas ya tambaye ni ko takalmi nake shirin sata. Duk wanda ke da alaƙa da fada a garin nan na ga ƙafarsa, har Alhaji Ɗalhatu, wanda shi ne ke yi wa masarauta sayayya da aika kaya gida. Ba wanda yatsa ya ɓace wa.

Na bi Alhaji ofishinsa. Ya sa aka kawo mini shayi mai madara, bai sha nasa ba.

"Alhaji, kyamarar sito fa?"

"Ta lalace."

"Yaushe?"

"Malam Labaran, ni ba injiniya ba ne."

"Ciroma yana gari?" Ciroma shi ne babban ɗan sarkinmu, kuma shi ke riƙe da aljihun gidan.

"Ya wuce Umara."

"Kafin Juma'a ko bayanta?"

"Yalla, maza sha shayinka. Kai fa injinan ɗinki ake biyan ka ka nemo."

Na sha. Ina sha ina kallon sa. Na yi tsammanin in ga tsoro, irin na wanda ya sa aka yi kisa a ɗakin ajiyarsa, ko kuma jin daɗin wanda maƙiyinsa ya kau. Ban ga ko ɗaya ba. Haushi na gani. Na san wannan fuskar tun ina kwastan: fuskar ɗan kasuwar da ya gama biyan kaya, suka fashe kafin a loda su.

Na fito ban san inda zan ajiye wannan ba.

*

Zailani na samu a unguwar Al Quoz, a bayan ɗakunan leburori, lokacin hutun rana, yana zaune a inuwar tankin ruwa yana cin burodi da shayi. Shi ne akawun baitulmalin masarauta da ya tsaya gaban kwamitin Honarabul ya faɗi abin da ya sani, da sunansa da fuskarsa. Abin da ya biyo baya kowa ya ji. Ubansa, tsohon bafade, ya shiga gidan rediyo ya tsine masa. Surukansa suka zo suka tafi da matarsa da 'yarsa. Ya gudo nan yana dakon kaya a Jebel Ali, mutumin da ya yi digiri a lissafin kuɗi. Shi ya gano inda aka ɓoye motocin, shi ya kira Honarabul.

"Yaushe kuka shirya shiga siton?" na tambaye shi.

"Mun shirya Juma'a, lokacin da kowa yake masallaci. Akwai ƙofar baya da sakatarta ba ta kamawa. Da safe ya kira ni ya ce zazzaɓi ya kama shi, a bari sai Lahadi."

"Amma ya je."

"Ya je."

"Mutane sun ce Ado ne."

"Ba Ado ba ne."

A duk Dubai shi kaɗai ya faɗi haka ban da A'i, kuma bai ce "ina jin" ba.

"Me ya sa?"

"Baba, na san Ado tun ina yaro. Ba shi ba ne."

"Ka yi babban rashi," na ce. "Gwarzonka ne."

Ya daɗe yana kallon burodin. Yaron nan ƙarya ba ta fita daga bakinsa, abin da ya kai shi inda yake ke nan. Da bai sami abin faɗa na gaskiya ba, sai ya ce lokacin aiki ya yi, ya ɗaura igiyar takalminsa ya tafi.

*

A motar haya na zauna ina sake duba hotunan. Na ga ƙafar kowane mai rai da ya shiga maganar nan. Saura mutum ɗaya, kuma ba na son in duba tasa. Mai bin sawu ba ya zaɓar inda sawu zai kai shi, amma yana iya jan ƙafa, na kuwa ja.

Matar Honarabul, Hajiya Mahfuza, ta iso don ta raka gawa gida idan 'yan sanda sun sake ta. An sauke ta a gidan benen Alhaji Ɗalhatu, wai don a nuna fada ba ta da gaba da mamaci. Na yi mata gaisuwa. Na san kwanakin farko na rashin abokin zama, lokacin da mutum yake zuba shayi kofi biyu ya tsaya yana kallon ɗayan. Ita ba na tsammanin ta kai nan tukuna. Wayoyinta biyu suna ta haske a kan kujera.

"Jam'iyya ce," ta ce. "Suna so in tsaya a kujerarsa. Jama'a sun fito titi, Malam. Suna kiran sa shahidi."

Na miƙa mata wayata. "Hajiya, kin san wannan ƙafar?"

Ta kalla. Ta ƙara girman hoton da yatsu biyu, ta ga gwiwoyin, ta ga tayar baƙar motar. Ban taɓa ganin fuska ta rufe da sauri haka ba.

"Ƙura ce," ta ce.

"Ciwon sukari ne?"

"Bara aka yanke masa, a Alƙahira." Maganar ta fita kafin ta kama bakinta. Ta ajiye wayar a kan tebur, ta tura mini ita da farce. "Nawa ƙanwar direban ta ba ka?"

"Tuwo."

"To ka saurare ni. Mijina ya mutu a hannun fada yana kare talakawa. Haka 'ya'yansa za su sani, haka za a rubuta."

"Direban kuma?"

"Ba na fada ba ne? Su fitar da abinsu."

Na sauko daga benen ina lissafin masu son Ado ya zauna inda yake. Fada tana so, don kada a ji Ciroma ya sayi ɗan majalisa ana dab da muhawara. Hajiya tana so. Jam'iyya tana so, masu tura faifai suna so. Ado kansa yana so. Mai tuwo ce kawai ba ta so.

Idan kuwa Honarabul ya riga ya zama nasu, fada ba ta da dalilin taɓa shi. Mai dalili shi ne wanda ya tsaya a bayan tayoyi yana kallo. Na san ko wane ne, amma takalmin aiki ba hujja ba ne. Hujjar tana bakinsa, kuma na san abu ɗaya da ba zai iya zama ya saurara ba.

*

Washegari bayan la'asar aka yi zaman addu'a a babban falon Alhaji Ɗalhatu. 'Yan kasuwa, ɗalibai, liman, kowa ya zo. Mata suna ɗakin ciki, ƙofa a ɗan buɗe. Zailani yana can ƙarshe kusa da takalma, da kayan aikinsa. Ni na aika masa cewa rashin zuwansa zai ja magana.

Da aka shafa Fatiha, na ce ina da abin faɗa. Na ba da wayata ta zaga.

"Ranar Juma'a wani babba ya zauna a bayan motar Sarki. Alhaji ya san shi, shi ya kashe masa kyamara. Wani kuma ya zo ya cire takalmi ya zube a gabansa. Ba ɗan fada ba ne. Honarabul ne."

Falon ya ɗauki hayaniya.

"A'uzubillahi!"

"Tsohon nan ya fara ruɗewa."

"Malam Labaran," in ji liman, "mamaci ake yi wa addu'a a nan."

"Akwai mai rai a kulle, Malam, shi wa zai yi masa?"

Alhaji Ɗalhatu ya gyara zama. "Ni ban san wani zama ba. Ban san komai ba. Ka fita mini daga gida."

Sai muryar Hajiya ta fito daga ɗakin ciki, a nutse, kamar mai karanta sanarwa. "Ku shaida. Mijina bai taɓa durƙusa wa ɗan Adam ba. Duniya ta ji shi ya faɗa. Sun kashe shi, yanzu sun yi hayar wannan ya kashe sunansa."

Wani ɗalibi ya miƙe yana nuna ni da yatsa. Na bar su suka yi mai isarsu. Sannan na karɓi wayata na sa a aljihu.

"To, ku yi haƙuri," na ce. "Wataƙila idona ne ya tsufa. Shahidi ne. A sa wa makarantu sunansa, a koya wa yara cewa ga mutumin da bai taɓa sayar da kowa ba. Direba kuma ya karɓi abin da ya samu."

Ban kalli inda Zailani yake ba. Na ji liman ya ce alhamdulillahi, na ji an fara buɗe robobin ruwa.

"Ya durƙusa."

Zailani ne. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya juya.

"Ya durƙusa, Hajiya. Ina bayan tayoyi. Da ya ce ba shi da lafiya na ce bari in je in ɗauko masa hotunan, kada ya koma hannu wofi. Ina ciki suka shigo. Ado ya buɗe wa Ciroma mota ya zauna. Honarabul ya cire takalmi tun daga can, ya zube, ya ce, 'Allah ya ja zamaninka, ni ɗan gida ne, zafin kai ne na siyasa.' Ciroma ko kallon sa bai yi ba, yana danna waya. Ya ce bayan Sallah za a naɗa shi Sarkin Yaƙi, farar motar can kuma tasa ce, ranar muhawara ya kwanta rashin lafiya. Honarabul ya ce ai ya riga ya fara gwaji."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"Zailani," in ji Alhaji Ɗalhatu, "ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Kana tsaye a wurin, Alhaji, kana riƙe wa Ciroma sanda. Sai Ciroma ya ce, 'Shi wannan akawun fa?' Honarabul ya ce, 'Yana nan yana dako. Idan ana so a ɗauke shi zan faɗi ɗakin da yake kwana.' Ba a ma tambaye shi ɗakin ba. Shi ya ƙara da kansa."

Zailani ya ci gaba.

"Suka tafi, Ado ya ja su. Aka bar Honarabul ya ga motarsa, idan ya gama ya ja ƙofa. Na fito. Yana shafa ta da gefen rigarsa. Ya gan ni bai ko razana ba. Na ce, Honarabul, ubana ya tsine mini a rediyo saboda kai. Ya ce, 'Zailani, kai matsalarka ba ka san lokacin da ake tsayawa ba. Ka iya tuƙi? Zan nemi direba.' Ya juya zai buɗe ƙofar."

Zailani ya dubi hannunsa. "Ƙarfen yana nan a ƙasa inda Ado ya ajiye."

"Kuma ka bar bawan Allah a kulle," in ji liman.

"Kullum cewa nake gobe zan je." Ya juyo gare ni. "Baba, da gangan ka yi, ko?"

"Da gangan."

Ya gyaɗa kai, ya nemo takalmansa a cikin tarin. Ni na raka shi ofishin 'yan sanda. A hanya, da muka tsaya a danja, ya tambaye ni ko a kurkukun nan ana barin mutum ya kira gida. Na ce ana bari. Ya ce ba ma wanda zai ɗauka.

*

A majalisa an yi shiru na minti ɗaya. Tunda mai ƙuduri ya rasu, ƙuduri ya bi shi, aka amince da kason masarauta kafin azahar. A gida labarin da ya zauna shi ne fada ce ta yi hayar Zailani tun farko. Hajiya ta ci zaɓen cike gurbi. Motocin sun isa lafiya, farar ma.

An ɗauki makonni kafin a saki Ado. Ni da A'i muka je ɗaukar sa. Ta yi masa dambun nama, ta sayi sabuwar hula. Ba wanda ya zo daga wajen Alhaji Ɗalhatu.

Ya fito da ledar kayansa a hannu, ya rame. A'i ta ruga tana "Yaya, Yaya," ya wuce ta kamar bai gan ta ba, ya tsaya a gabana. An ba shi wayarsa tun a ciki, ya riga ya kira gida.

"Sun ce ni na yi magana," ya ce. "An ce ba yadda za a yi wani ya san Ciroma ya zauna a motar nan sai daga bakina. An fitar da matata da yara daga cikin gida. Kayansu suna bakin titi. Ɗana da aka ce za a ɗauka aiki, an ce kada a sake ganin sa a ƙofar fada."

"Malam Ado, da ka mutu a nan."

"Na sani. Da yanzu suna cin abinci."

A'i ta miƙa masa kwanon dambun. Bai karɓa ba. Bai daina kallona ba.

"Malam," ya ce, "don Allah wa ya aike ka?"